CLOUTIER: SUNAN DA YA ƘARANTA A GIDA, YA YAWAITA A ƘETARE

Abin da nake so mu duba a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne suna guda ɗaya tak daga cikin sunayen mutanen Faransa. Na san wani zai ce, duk abubuwan da ke cikin duniya a rasa na rubutu sai suna? To, a yi mini haƙuri a biyo ni sannu a hankali, domin cikin sunan nan akwai labarin wata sana'a da ta mutu, akwai kuma labarin wani mutum guda wanda zuriyarsa ta bazu a wata ƙasa mai nisa.

Sunan kuwa shi ne Cloutier. Haka ake rubuta shi, amma wajen faɗi sai a ce "Kulutiye", don Faransawa ba su furta harafin ƙarshe na irin waɗannan kalmomi. Ma'anarsa maƙerin ƙusa, ko mai sayar da ita. In ka je Faransa yau, watau ƙasar da aka haifi sunan, sai ka sha yawo kafin ka gamu da mai amsa shi. Amma in ka haye teku zuwa lardin Kebek na ƙasar Kanada, za ka tarar yana cikin sunaye 30 da suka fi kowane yawa. Wannan abin mamaki shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da ita kanta kalmar. Da Faransanci ana kiran ƙusa clou, ana faɗinta "kulu". Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawa, inda ake ce mata clavus. Faransawa kuwa in suna so su ambaci mai wata sana'a, sau da yawa sukan ɗauki sunan abin da yake yi su ƙara masa -ier a ƙarshe, kamar yadda mu muke sa ma- a farko mu ce maƙeri, masaƙi, majemi. Mai tufkar igiya cordier ne, don igiya corde ce. Wanda ya lura zai ga akwai harafin t a tsakiyar Cloutier alhali babu shi a clou. An sa shi ne don baki ya ji daɗin faɗi, kamar yadda bijou, watau kayan ado, ya ba da bijoutier. 'Yan ajinmu masu shirin jarrabawar Faransanci sai su riƙe wannan, zai yi musu amfani.

To, yaya aka yi sunan sana'a ya zama sunan gida? A zamanin da, Bafaranshe suna ɗaya yake da shi, wanda aka raɗa masa a coci. Daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 13 mutane suka ƙaru, garuruwa suka bunƙasa, sunayen yanka kuma ba su da yawa. Sai ka tarar da Jean goma da Pierre goma a ƙauye ɗaya. Dole aka shiga yi wa kowa laƙabi. Wani a kira shi da sunan ubansa, daga nan aka sami Martin, wanda shi ne sunan da ya fi yawa a Faransa har yau. Wani a kira shi da wurin zamansa, kamar Dupont, na bakin gada, ko Dubois, na daji. Wani da kamanninsa, kamar Petit, ƙarami. Wani kuma da sana'arsa: Boucher mahauci, Charpentier kafinta, Meunier mai niƙa, Mercier ɗan koli.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Mu ma muna da Audu Tela da Musa Direba a kowace unguwa. Bambancin shi ne namu laƙabin yawanci yakan bi mai shi kabari, ɗan Audu Tela ba a kiransa Tela sai in ya zauna kan keke. A Faransa kuwa laƙabin ya manne wa gida, ɗa ya gada daga uba ko da ya bar sana'ar. Daga baya hukuma ta sa hannu ta ƙara ɗaure shi. A shekarar 1539 Sarki François na Ɗaya ya kafa doka a wani gari da ake kira Villers-Cotterêts, cewa limaman coci su riƙa rubuta kowace haihuwa da aka yi wa baftisma a littafi. A shekarar 1794, zamanin juyin mulkin Faransa, aka yi wata dokar da ta hana mutum amfani da wani suna in ba wanda ke cikin takardar haihuwarsa ba. Duk ɗalibin da ya taɓa ƙoƙarin gyara sunansa a rajistar makaranta bayan an aika da shi wurin masu jarrabawa ya san ƙarfin abin da aka riga aka rubuta.

Yanzu sai mu koma ga sana'ar. Mu da muke sayen ƙusa da awo a kasuwa, mu zubar da wadda ta lanƙwashe, da wuya mu gane darajarta a da. Kowace ƙusa guda da hannu ake ƙera ta. A wani sansanin sojan Rumawa da ke Inchtuthil a ƙasar Sikotland, masu tonon kayan tarihi sun sami ƙusoshi fiye da 800,000 a binne cikin rami. Sojojin ne suka binne su sa'ad da za su tashi, ga alama don kada mutanen ƙasar su sami ƙarfen su ƙera makamai.

Ga yadda maƙerin ƙusa yake aikinsa. Ana kawo masa ƙarfe an riga an tsaga shi sanduna sirara. Sai ya sa bakin sanda a wuta har ya yi ja wur, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya buge shi ta fuska huɗu har ya yi tsini. Sa'an nan ya sare shi a kan wani kaifin ƙarfe da aka kafa a gefe, amma ba ya raba shi gaba ɗaya. Sai ya zura tsinin cikin wani ƙarfe mai huda, ya karya sandar, ya bubbuge ɗan abin da ya rage a sama da masaba har ya baje ya zama kan ƙusa. Wannan ƙarfe mai huda shi ake kira cloutière. Duk aikin nan tilas a gama shi kafin ƙarfen ya huce. Wani masani ɗan Sikotland, Adam Smith, ya kawo misali da wannan sana'a a littafinsa na tattalin arziki da ya fito a 1776. Ya nuna maƙerin da bai saba da ƙusa ba da kyar yake yin 200 ko 300 a wuni, su ma ba masu kyau ba, amma ya ga samari waɗanda ba su da aikin yi sai ita suna yin fiye da 2,300 a wuni ɗaya.

A ƙasar Ardennes, arewa maso gabashin Faransa, an yi ƙauyuka da kusan kowane gida akwai maƙerar ƙusa. Talakawa ne, ba su da halin ɗaukar yaron zuga. Dabarar da suka yi ita ce su sa kare cikin wata babbar ƙafa ta katako mai kama da ta keke, yana tafiya a ciki, ita tana juyawa tana motsa zugazugi. Akwai kuma wani abin ban dariya. A al'adar Kiristocin Faransa kowace sana'a tana da waliyyin da take jingina da shi. Maƙeran ƙusa sai suka ɗauki wani mai suna Saint Cloud, jikan Sarki Clovis, wanda bai taɓa riƙe masaba ba a rayuwarsa. Dalili kawai shi ne sunansa da kalmar ƙusa faɗinsu ɗaya ne a baki.

Wani zai tambaya, in har ƙusa tana da wannan muhimmanci, me ya sa sunan bai yi yawa a Faransa ba? Ai sunan maƙeri ya cika ƙasar. Lefebvre da Lefèvre a arewa, Faure da Fabre a kudu, duk daga kalmar Latin faber suke, watau maƙeri. A yankin Bretagne suna da Le Goff da harshensu, ma'anar ɗaya ce. Ni dai a nawa tunani dalilai biyu ne. Na farko, babu ƙauyen da ba shi da maƙeri, don manomi bai iya rayuwa ba tare da shi ba, amma wanda ya keɓe kansa ga ƙusa kaɗai sai a birni ko kusa da inda ake narka tama. A ƙaramin ƙauye maƙerin gari shi ke ƙera 'yan ƙusoshin da ake bukata, sunansa kuma maƙeri. Na biyu, laƙabi amfaninsa ya bambanta mutum da maƙwabcinsa. A ƙauyen da kowa maƙerin ƙusa ne, in ka ce "Jean mai ƙusa" ba ka faɗi kome ba. Sunan sai ya kama mutum a inda shi kaɗai ne mai yi. Ingila ma tana da irinsa, Naylor, Jamus tana da Nagler, kuma duka ba su kama ƙafar Smith da Schmidt ba wajen yawa.

To, a nan ne labari ya juya. Kamar mil 100 yamma da birnin Faris akwai wata 'yar ƙasa mai dazuzzuka da ake kira Perche. A wani garinta mai suna Mortagne aka haifi Zacharie Cloutier wajen shekarar 1590. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma wannan linzami bai juya Zacharie ba, domin shi kafinta ne, gwani wajen sassaƙa manyan katakai na ginin gida. Wanda ya fara jawo wa gidan wannan laƙabi ya daɗe da komawa ƙasa. Ranar 18 ga Yuli, 1616, Zacharie ya auri wata mata mai suna Xainte Dupont, ga kuma sunan bakin gada da muka ambata ɗazu.

A lokacin Faransa tana ƙoƙarin kafa mulki a bakin Kogin Saint-Laurent a Kanada. Samuel de Champlain ya kafa garin Kebek a 1608, Ingilishi suka ƙwace shi a 1629, aka mayar wa Faransa a 1632. Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar kango ce. Akwai mutanenta na asali, irin su Innu da Algonkin da Wendat, waɗanda suka daɗe a nan tun kafin Bature ya san da ita, kuma zuwan baƙin ya jawo musu cututtuka da asarar ƙasa. Faransawan da ke wurin a wannan lokaci ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Wani likita ɗan ƙasar Perche, Robert Giffard, aka ba shi babban fili a Beauport, kusa da Kebek, bisa sharaɗin ya kawo mutane su zauna. Sai ya koma gida neman masu sana'a. Ranar 14 ga Maris, 1634, ya ƙulla yarjejeniya a Mortagne da mutum biyu, Zacharie Cloutier kafinta da Jean Guyon magini, cewa za su yi masa aiki shekara uku, shi kuma ya yanka wa kowannensu ƙasa. Zacharie ya haura shekara 40 a lokacin. Bai iya rubutu ba, in za a sa hannu a takarda sai ya zana hoton gatari. Suka shiga jirgin ruwa mai filafilai, tafiyar da kan ci wajen wata biyu, iyalansu ma suka ƙaura can.

Abin lura shi ne mai sunan ƙusa ya sauka a ƙasar da ba a narka ƙarfe. Duk ƙarfen da ake bukata sai jirgi ya kawo daga Faransa, don ba a kafa ma'aikatar narka tama a Kanada ba sai bayan shekara 100, a bakin Kogin Saint-Maurice. Kafintocin wancan zamani kuwa manyan katakai suke sassaƙawa su cusa bakin wani cikin wani, su datse da turakun itace.

Zacharie ba mutum ba ne mai saurin sunkuyar da kai. Bisa al'adar Faransa ta lokacin, wanda aka yanka wa ƙasa sai ya je ƙofar ubangidansa ya yi mubaya'a. Shi da Guyon suka ƙi, rigima ta yi tsawo har sai da gwamna ya yanke hukunci ya ba Giffard gaskiya. A 1670 Zacharie ya sayar da ƙasar tasa ta Beauport ya koma wani ƙauye, Château-Richer, inda ya rasu ranar 17 ga Satumba, 1677, bayan shekara 61 da aure. Ya bar tarihi ta wani gefen kuma: takardar alkawarin auren 'yarsa Anne da wani mai suna Robert Drouin, wadda aka rubuta a 1636, ana lissafa ta a matsayin mafi tsufa cikin irinta da suka rage a Kanada.

'Ya'yansa biyar ne suka rayu a Kanada, maza uku, Zacharie da Jean da Charles, mata biyu, Anne da Louise. Kusan duk wani Cloutier da ke Kanada da Amurka a yau daga mazan nan uku ya fito. Masana na Jami'ar Montréal sun bi littattafan aure na coci-coci ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa zuwa shekarar 1800 zuriyar Zacharie da suka yi aure sun kai 10,850. Babu wani daga cikin waɗanda suka fara zuwa da ya kai shi. Wanda ke biye da shi kuwa shi ne abokin tafiyarsa, Jean Guyon magini.

Yaya mutum ɗaya zai yi haka? Amsar tana cikin lissafi. Faransawan da suka je Kanada suka zauna har suka bar zuriya ba su wuce wajen 10,000 ba. Ƙidayar farko da aka yi a 1666 ta sami mutum 3,215 kacal. Amma ga ƙasar noma a yalwace, ana aure da wuri, ana haihuwa da yawa, zuwa 1760 sun kai wajen 70,000. Bayan Ingila ta karɓe ƙasar a 1763 sai zuwan sababbin Faransawa ya kusa tsayawa cak, waɗanda ke ciki suka ci gaba da aure tsakaninsu. Wanda ya riga kowa zuwa, ya kuma haifi maza, sunansa ne zai mamaye. Ga ɗan aiki ga masu son lissafi: a ce mutum ya haifi maza uku, kowannensu ya haifi uku, a yi ta haka har hawa goma. A hawa na goma kaɗai za a sami maza 59,049 masu amsa sunansa. Wannan misali ne kawai, rayuwa ba ta tafiya daidai haka, amma ya nuna yadda abin ke ninkawa.

Akasin haka ma yana faruwa. Tun da yake a al'adarsu ta da sunan uba kaɗai ake gada, mutumin da ya haifi mata zalla, ko ɗansa tilo ya mutu bai yi aure ba, sunansa ya yanke ke nan ko da jininsa na nan. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Bienaymé, ya yi nazarin wannan a 1845, ya nuna cewa in matsakaicin 'ya'ya maza da kowane uba ke bari bai wuce ɗaya ba, to ko ba daɗe ko ba jima sunan zai ɓace. Sunan da dama can masu shi kaɗan ne, a ƙasar da haihuwa ta ragu tun da wuri kamar Faransa, kullum yana bakin rami. Saboda haka yawan masu suna ba ya nuna yawan masu sana'ar a da. In da haka ne, da sai mu ce Kebek ƙasar maƙeran ƙusa ce, alhali wanda ya kai sunan can ko ƙusa ba ya ƙerawa. Tremblay, sunan da ya fi kowane yawa a Kebek, shi ma haka ya yi: mutum ɗaya ne, Pierre Tremblay, ya kai shi daga wannan ƙasa ta Perche.

Sunan bai tsaya a Kanada ba. Tsakanin 1840 da 1930 wajen mutum 900,000 masu jin Faransanci suka bar Kebek suka gangara Amurka neman aiki a masaƙu na jihohin Maine da New Hampshire da Massachusetts. Akawun da ke rubuta sunan ma'aikata ba ya jin Faransanci, abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa. Ta haka wasu Cloutier suka koma Clukey ko Clutchey, har jikokinsu suka manta akwai ƙusa a cikin sunan. Wasu gidajen fassara nasu aka yi. Boulanger, mai gasa burodi, ya zama Baker, wannan daidai ne. Amma wasu Lefebvre sai suka zama Bean, watau wake, don an ɗauka sunan daga fève yake, wani irin wake na Turai. Maƙeri ya kwana maƙeri ya tashi wake! Shi ma Guyon magini bai tsira ba, domin a wasu rassan zuriyarsa sunan ya rikiɗe ya zama Dion, kuma daga cikinsu ne mawaƙiyar nan Céline Dion ta fito.

Ita kuwa sana'ar, injin ne ya kashe ta. A 1795 wani Ba'amurke mai suna Jacob Perkins ya sami takardar mallakar wani injin da ke yanka ƙusa daga fallen ƙarfe. Daga baya aka ƙirƙiro yin ta da waya, irin wadda muke saye a kasuwa yanzu, wadda Faransawa ke kira pointe de Paris, watau tsinin Faris. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare maƙerun Ardennes sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, karnuka suka huta da zuga. Yau in an ƙera ƙusa da hannu, to don gyaran tsohon gini ne ko don nuna wa masu yawon buɗe ido.

Masu sunan kuwa sun shiga kowace irin hanya. Suzanne Cloutier 'yar wasan fim ce, ta fito a matsayin Desdemona a fim ɗin Othello na Orson Welles. Réal Cloutier ya yi suna a wasan hoki na kan ƙanƙara. A garin Tourouvre na ƙasar Perche, kusa da Mortagne, an gina gidan tarihi musamman don tunawa da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Kanada, kuma mutanen Kebek sukan haye teku su zo su ga ƙauyukan da kakanninsu suka baro tun kusan shekara 400 da suka wuce.